Mai Koyarwa da Mai Ba da Shaida a Gida Ɗaya: Yadda Ake Tsare Amanar Satifiket

Cibiyar da ke koyar da sana'a kuma take ba da takardar shaidar ƙwarewa tana sayar da kaya iri biyu ne a rumfa ɗaya, kuma masu amfani da kayan nan ba mutum ɗaya ba ne. Horon na ɗalibi ne, shi ya biya, shi zai ci moriyarsa. Takardar kuwa, ko da yake sunansa ne a kai, ba dominsa aka rubuta ta ba. An rubuta ta ne domin magidancin da zai ba shi aikin wayarin ɗin gidansa, da kamfanin da zai damƙa masa littattafan kuɗinsa, da majinyacin da zai miƙa masa hannu a ɗebi jini. Waɗannan mutane ba su halarci jarrabawar ba, ba su biya cibiyar ko kwabo ba, amma su za su ɗanɗana kuɗarsu idan shaidar ta zama ta ƙarya. Kuɗin cibiya daga aljihun ɗalibi yake fitowa, ɗalibi kuma abu ɗaya yake son ji ranar sakamako. A nan amana da maslaha suke cin karo. Amana ta ce a kayar da wanda bai iya ba, maslaha ta ce wanda aka kayar ba zai turo ƙaninsa baɗi ba.

Da yawa in sun ji wannan sai su ce ai maganar ba kura ajiyar nama ce, a nemo mai tsoron Allah a ba shi aikin a huta. A ganina nan ne kuskuren farko yake, domin matsalar ba ta buƙatar kura. Malamin walda na kirki da ya yi wata shida da yaro, ya san yadda gidansu suka haɗa kuɗin makarantar da ƙyar, ya ga ƙoƙarinsa da idonsa, idan aka ajiye masa ƙarfen da yaron ya haɗa kuma aikin yana tsakanin ci da faɗuwa, idonsa zai karkata ba tare da ya yi niyyar cin amana ba. Bayan tausayi akwai wani abu kuma: faɗuwar ɗalibi tana taɓa sunan malaminsa, saboda haka mai ba da makin yana auna aikin kansa ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta wanda shaidar za ta jawo masa amfani ko ta kawar masa da wata cuta. Ba a ce uban maƙaryaci ba ne. An ɗauke masa nauyin da bai kamata a ɗora wa kowa ba, an kuma kare wanda za a yanke hukunci a kansa. Ƙa'idar duniya da ta shafi hukumomin ba mutane shaidar ƙwarewa, ISO/IEC 17024, wadda aka fara fitarwa a 2003 aka sabunta a 2012, a kan wannan tunani ta hau. Ba ta haramta wa kamfani ɗaya ya koyar kuma ya ba da shaida ba, amma ta faɗa ƙarara cewa haɗa su barazana ce ga adalci, kuma a kan kamfanin nauyin yake ya nuna yadda ya raba su.

Aikin farko shi ne zama da takarda da biro a bi ɗalibi tun daga ranar da ya ji tallar cibiya har ranar da aka miƙa masa satifiket, a kowane mataki a tambayi abu biyu: wa ke yanke shawara a nan, kuma me zai samu ko me zai rasa idan ɗalibin ya ci ko ya faɗi? Mai karɓar rajista, mai koyarwa, mai tsara tambayoyi, mai tsaron ɗakin jarrabawa, mai ba da maki, mai shigar da makin a kwamfuta, mai sa hannu a takarda. A ƙananan cibiyoyi sau da yawa sunaye biyu ne ke ta maimaituwa a duk waɗannan gurabe, ɗaya daga cikinsu kuma na mai cibiyar ne. Duk inda suna ɗaya ya bayyana a gurbin koyarwa da gurbin hukunci, a ja masa layi. Wannan takarda ita ce kundin cibiya na wuraren haɗari, kuma a riƙa sake duba ta duk sanda aka ɗauki sabon ma'aikaci ko aka buɗe sabon fanni.

Daga nan sai raba hannaye. Ƙa'idar 2012 ta gindaya sharuɗɗa biyu da kowace cibiya za ta iya ara ko da ba ta neman amincewar kowace hukuma. Na ɗaya, wanda ya koyar da mutum ba zai jarraba shi ba sai bayan shekara 2 da gama horon, sai fa in cibiyar ta iya nuna cewa rage wa'adin ba zai taɓa adalci ba. Na biyu, wanda zai yanke hukuncin ƙarshe na ba da shaida kada ya kasance ya koyar da mutumin ko ya jarraba shi. Wato hannu uku ake so: mai koyarwa, mai jarrabawa, mai hukunci. Amma a wurinmu alaƙar malami da ɗalibi ba ita kaɗai ba ce, watakila ma ba ita ce mafi nauyi ba. Akwai ɗan'uwa, da suruki, da ɗan maigidan da ya riƙe ka, da wanda kake bi bashi ko yake bin ka, da abokin kasuwanci, da kuma wanda kuke da jiƙaƙƙiya, domin ƙiyayya ma tana karkatar da maki kamar yadda soyayya take yi. Hanyar ita ce a miƙa wa kowane mai jarrabawa jerin sunayen masu zama tun kafin ranar, ya duba, ya rubuta duk wanda yake da alaƙa da shi, ya sa hannu, ko da abin da zai rubuta shi ne babu kowa. Kuma ba shi zai auna ko alaƙar ta kai a janye shi ba. Nasa shi ne ya faɗa, wani ya yanke, a rubuta abin da aka yanke a kundi. Mutum ba ya iya auna karkatar kansa, kuma wanda ya fi kowa cewa shi abin ba zai shafe shi ba yawanci shi ya fi cancanta a janye.

Wannan tsari yana da wani amfani da ba a cika ambata ba: garkuwa ne ga ma'aikacin kansa. Wanda ya san yadda alfarma take aiki ya san cewa ba a aiko da ita da fuskar cin hanci. Dattijo ne zai yi sallama bayan magariba, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya ce yaron nan namu yana wurinku, a duba mana shi. Ƙin irin wannan roƙo ido da ido abu ne mai wuya ga wanda aka yi wa tarbiyyar kunya. Idan kuwa tsarin ya riga ya fitar da takardar daga hannunsa, amsar tana da sauƙi kuma gaskiya ce: "Kawu, ka yi haƙuri, ko takardarsa ba za ta biyo ta hannuna ba, haka dokar wurin take." Zumunci bai ɓaci ba, amana ma ba ta taɓu ba. Saboda haka a jarrabawar rubutu a sa lamba maimakon suna, jerin da ke haɗa lamba da suna kuma ya zauna wurin wanda ba ya ba da maki. A jarrabawar aikin hannu ba a iya ɓoye fuska, sai a nemi wata dabara: masu jarrabawa biyu kowa da takardar makinsa, ma'aunin ci da faɗuwa a rubuce tun kafin a fara, sannan a adana abin da aka yi, ƙarfen da aka haɗa ko rigar da aka ɗinka ko hoton allon wutar da aka ɗaura, da lambar mai shi a jiki, domin wani na uku ya iya dubawa daga baya.

Tambayoyin jarrabawa su ne wurin da ɓarna ta fi shiga ba a ji ƙararta ba, kuma ba a ƙasashe matalauta kaɗai ba. A watan Disamba na 2011 jaridar Daily Telegraph ta Ingila ta naɗi maganganun wasu manyan masu jarrabawa a ɓoye, a tarurrukan da hukumomin jarrabawa ke shirya wa malaman sakandare ana biyan kuɗin shiga, suna nuna wa malaman ɓangarorin da tambayoyi za su fito. Hukumar Ofqual da ke sa ido a kan jarrabawa a can ta hana irin waɗannan tarurruka daga 2013. A 2017 kuma aka samu malamin Kwalejin Eton ta Ingila, wanda yake cikin masu tsara jarrabawar darasin tattalin arziki, ya fitar da abin da bai kamata ya fita ba, har aka soke makin ɗaliban makarantar a wannan takarda. A nan akwai ƙorafi mai ƙarfi da ya kamata a saurara: wa ya fi malamin da ke aji kullum sanin irin tambayar da za ta bambanta wanda ya gane da wanda ya yi hadda? In aka hana malamai tsara tambaya, jarrabawar za ta faɗa hannun waɗanda suka manta yadda aji yake. Gaskiya ne, kuma Ofqual ma da ta sake nazari ba ta hana malamai ba. Abin da ta nema shi ne a riƙa ajiye bayanin alaƙoƙinsu, a kuma tsara aikin yadda mai rubuta tambaya ba zai san ko za a yi amfani da ita ba, ko yaushe. Cibiya za ta iya yin haka cikin sauƙi. Malamai su zuba tambayoyi masu yawa a rumbu, ninkin abin da ake buƙata sau da yawa, wani wanda ba ya koyarwa ya zaɓo na kowane zama dab da ranar, kalmar sirrin rumbun kuma kada ta shiga sashen koyarwa. Abin da ya halatta kowa ya gani shi ne manhaja da samfurin tambaya, kuma a ba ɗalibin cibiya da na waje daidai wa daida.

Sai kuɗi, wanda in ba a gyara shi ba duk sauran tsarin ado ne. Kada albashi ko alawus ko kamashon mai jarrabawa ya rataya da yawan waɗanda suka ci. A birnin Atlanta na Amurka an ɗora wa malamai da shugabannin makarantu burin ɗaga sakamako, da lada ga wanda ya kai da barazana ga wanda ya gaza. Binciken da gwamnatin jihar ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara, a 2015 kuma kotu ta sami 11 da laifi. Mai jarrabawa a biya shi bisa yawan takardun da ya duba ko kwanakin da ya yi, ci ko faɗuwa duk ɗaya ne a aljihunsa. Akwai kuma karkata ta ɗaya ɓangaren da ake mantawa da ita: idan kuɗin sake zama yana da tsoka, ko kuma an wajabta wa wanda ya faɗi ya sake biyan kuɗin horo, to cibiya ta sami riba a faɗuwar mutane. Kuɗin sake zama kada ya wuce abin da zaman ya ci, komawa aji kuma ya zama zaɓin ɗalibi. A ajiye lissafin sashen jarrabawa daban da na sashen koyarwa, ko da asusun banki ɗaya ne, domin a san ko jarrabawar tana ɗaukar nauyin kanta ko kuwa tana rayuwa ne da sadakar sashen da take auna wa aiki. Babban abokin ciniki ma haɗari ne. Kamfanin da ya turo ma'aikata 40 ya biya a dunƙule yana da muryar da ɗalibi ɗaya ba shi da ita. A shekarar 2000 kamfanin Arthur Andersen ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga kamfanin Enron don binciken lissafinsa, da kimanin miliyan 27 don wasu ayyukan, kuma bayan rushewar Enron a ƙarshen 2001 ne Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta hana mai binciken lissafi yi wa kamfanin da yake bincika wasu ayyuka da dama. Cibiya ta rubuta a yarjejeniyarta da kowane kamfani cewa kuɗin na horo da zaman jarrabawa ne, ba na sakamako ba.

Talla ma tana cikin lissafi. Duk cibiyar da ta rubuta a allonta cewa wanda ya yi karatu a nan cin jarrabawarsa tabbas ne, ta sanar da jama'a da bakinta cewa jarrabawarta ba ta auna komai. Ƙa'idar ISO ɗin nan ta hana a nuna wa mutane cewa yin horo a gidan zai sauƙaƙa samun shaidar gidan, ta kuma hana a mai da horon gidan sharaɗi tilo idan akwai wani horon da ke kai wa ga irin wannan ƙwarewa. Wanda ya koyi gyaran sola a hannun maigidansa shekara biyar yana da haƙƙin ya biya kuɗin jarrabawa kawai ya zauna. Masu karatu sun san misalin raba koyarwa da jarrabawa a lasin tuƙi na Najeriya: makarantar tuƙi ta koyar, jami'an duba ababen hawa na VIO su gwada, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta buga katin. Sun kuma san cewa inda aka saye gwajin, rabuwar ta takarda ba ta hana direban da bai iya ba hawa titi, abin da ke nuna raba ofisoshi bai wadatar ba sai an haɗa da bibiya. Wani zai ce ai Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, ita ke koyarwa kuma hukumar da ke tafiyar da ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ba a kuma zama lauya sai an bi ta nan. Haka ne, amma dokar ƙasa ce ta kafa ta tun 1962, ba ta da abokin gasa da za ta ji tsoron ɗalibai su gudu wurinsa idan ta kayar da su, sannan wata majalisa ce dabam take rantsar da lauyoyin. Cibiyar kasuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan katangu.

Ƙorafin da ya fi nauyi na ƙaramar cibiya ne. Mai koyar da ɗinki ko kwamfuta da ma'aikata uku zai ce duk wannan tsarin manya ne, ina zai samo hannu uku alhali shi ne malamin, shi ne akanta, shi ne mai buɗe ƙofa da safe? Hanyoyi uku ne a gabansa, kuma babu wadda ta fi ƙarfinsa. Zai iya ƙulla musaya da cibiyoyi irin tasa, malaminsu ya jarraba ɗalibansa, nasa ya jarraba na wasu. Gara cibiyoyin su kai uku ko fiye ana zagayawa, domin musayar mutum biyu takan koma ka rufa mini in rufa maka. Zai iya tsayawa a koyarwa ya kai ɗalibansa wurin mai ba da shaida na waje, kamar hukumar NABTEB da aka kafa a 1992, ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, wanda a cikinsa bayan mai auna ɗalibi akwai mai bin diddigi na cikin gida, akwai kuma na waje daga hukumar da ke ba da shaidar. Hanya ta uku ita ce mafi arha: ya ba da takardar da ke cewa wane ya halarci horo na wata kaza a fanni kaza, ya tsaya a nan. Wannan gaskiya ce da ya gani da idonsa, kuma babu laifi a faɗinta. Laifin yana farawa ne sanda aka yi wa takardar halarta ado da hatimi da kalmomin da za su sa mai ɗaukar aiki ya zaci an gwada mutumin an same shi gwani.

Akwai mai cewa al'adarmu ma ta saɓa wa wannan duka, tunda malami ne ke ba almajirinsa ijaza, maigida ne ke yaye yaron shagonsa, kuma ba a ce sun ci amana ba. Amma a duba abin da ke riƙe da wancan tsari. Malamin yana ba mutum ɗaya ne bayan shekaru, da sunansa, a cikin jama'ar da ta san shi ta kuma san almajirin. Idan yaron da maƙeri ya yaye ya ɓata aiki, maganar a ƙofar maƙerin za ta ƙare kafin la'asar. Sunansa ne jinginar, kuma ribarsa ba ta ƙaruwa da yawan waɗanda ya yaye, hasali ma kowane yaye hannu ne ya rasa a shago, abokin gasa kuma ya ƙaru a kasuwa. Cibiyar zamani tana yaye ɗaruruwa, takardarta tana tafiya Legas ko Yamai ko Jidda inda ba wanda ya san mai sa hannun, kuma kowane ƙarin kai ƙarin kuɗi ne. Abin da idon unguwa ke yi wa maƙeri dole a gina wa cibiya madadinsa da gangan.

Madadin nan shi ne ƙaramin kwamiti na mutanen waje, waɗanda ba sa cin albashin cibiya: wani daga masu ɗaukar waɗanda aka yaye aiki, wani tsohon gwani a sana'ar, wani daga ƙungiyar masu sana'ar. Su zauna ko da sau biyu ne a shekara, a ajiye musu kundin alaƙoƙi da alƙaluman sakamako. Su kwatanta yawan cin ɗaliban gida da na waɗanda suka zo daga waje, da na mai jarrabawa wane da na wane, da na ma'aikatan babban abokin ciniki da na sauran jama'a. Bambanci ba hujjar maguɗi ba ne, domin mai yiwuwa horon gidan ya fi kyau ne, amma dalili ne na zaro wasu takardu ba tare da zaɓe ba a ba wani ya sake dubawa. Mai cibiyar kansa ya shiga kundin kamar kowa, kuma kada ya riƙe ikon canza maki a kwamfuta, domin shi ne ya fi kowa maslaha a gidan kuma shi ne ba wanda zai iya ce wa a'a. Wanda bai yarda da sakamakonsa ba a ba shi hanyar ɗaukaka ƙara a rubuce, da wa'adin amsa, wurin mutanen da ba su da hannu a hukuncin farko. Idan aka gano bayan an gama cewa wani ya jarraba ɗan'uwansa ko ɗalibinsa bai faɗa ba, a dakatar da wannan shaidar, a sake jarraba mai ita a hannun wani kuma cibiya ta ɗauki kuɗin zaman, tunda gazawar tsarinta ce. A duba sauran takardun da suka bi ta hannun wannan ma'aikaci a zaman, a hukunta shi a kan ɓoyewar ko da sake dubawar ta nuna makin da ya bayar daidai ne, sannan a rubuta duk abin da aka yi da kwanan wata a gabatar wa kwamitin a zamansa na gaba.